Ƙazamin ruwan gari da kogunanmu: tambayoyi da amsoshi ga mazauna ƙananan garuruwan arewacin Kamaru

Tun da muka fara zaman tsaftar unguwa a garinmu, wanda yake gefen Binuwai tsakanin Lagdo da Garwa, tambayoyin nan ne suke ta dawowa, ko a ƙofar mai unguwa ko a hirar bayan la'asar. Na tattara su wuri ɗaya domin mu da 'yan'uwanmu na Pitowa da Gidar da Figil har zuwa Marwa da Kusiri. Na sa musu lamba saboda wata amsar tana jingine da wata.

1. Wai me ake nufi da ƙazamin ruwa? Ruwan bayan gida ne kawai?

Ya wuce nan. Akwai ruwan shadda, wato bayan gida da fitsari da ruwan tsarki, kuma shi ya fi haɗari domin a cikinsa ƙwayoyin cuta suka fi yawa. Akwai wanda ke fita ta rariya, na wanka da wanki da wanke-wanke, yana ɗauke da sabulu da maiƙo da guntun tuwo, wani lokaci har da kashin jarirai idan an wanke tsummansu. Sai ruwan sana'a, irin na mahauta da marina da majema da garejin gyaran babur. Kowanne da irin maganinsa, shi ya sa ba a son su haɗu a kwata ɗaya.

Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida yana sake fitowa a ƙazance. Saboda haka duk unguwar da aka ja wa famfo ba a yi mata tanadin mafitar ruwa ba, taɓo aka ƙara mata a lungu.

2. Ba mu da bututun kwashe ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa irin na manyan birane. To ina ruwan namu yake zuwa?

Na shadda yana tsiyaya cikin ƙasa a hankali, kaurinsa kuma ya zauna har rami ya cika. Masu hali kan gina fos, wato tankin siminti mai ɗaki biyu ko uku, inda kauri ke kwantawa, ruwan da ya taso samansa ya wuce zuwa ramin da ƙasa za ta tsotse shi. Na rariya kuwa lungu yake bi, ya faɗa kwata, kwata ta kai shi mayo, wato rafin da ke gudu da damina.

Daga mayo hanya a miƙe take. Abin da aka zubar a Gidar ya bi Mayo Luti zuwa Mayo Kebbi, ya shiga Binuwai, ya wuce Garwa, ya tsallaka iyaka ya sauka Yola da Makurɗi har Lokoja. Na yawancin yankin Arewa Mai Nisa yana gangarawa fadamun kogin Logon, Logon ya haɗu da Shari tsakanin Kusiri da Njamena, su tafi tafkin Chadi. Tun da ba mu da bututu, maganar tace ruwa a garinmu ta tsaya ne a kan abu biyu: inda ake kai kayan shadda idan ta cika (tambaya ta 7 da ta 8), da yadda za a tare ruwan rariya tun daga gida (tambaya ta 12).

3. Ai kogi tafiya yake yi. Ba ya wanke kansa da kansa?

Yana yi, amma yana da iyaka. A cikin ruwa akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ne ke cinye ƙazanta, kuma suna cin ta ne da iskar oksijin da ke narke a ruwan, wadda ita ce kifi ke shaƙa. Idan ƙazantar kaɗan ce kuma ruwan da yawa, kogi zai shanye ta. Idan ta yi yawa sai iskar ta ƙare, ruwa ya yi baƙi ya soma wari. Zafi yana ƙara tsananta abin, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai: a ma'aunin zafi 30 iskar ba ta wuce miligiram 7 da rabi a lita ba ko da ruwan mai tsabta ne, yawancin kifi kuma suna fara shan wahala idan ta sauka ƙasa da 4 ko 5. Tarwaɗa tana jurewa saboda tana iya shaƙar iskar waje, giwan ruwa ba ya iyawa.

Masunta sun san wannan ba tare da ma'auni ba. Bayan ruwan farko, lokacin da damina ta kwaso ƙazantar wata bakwai daga kwatoci ta zuba a lokaci ɗaya, ana ganin kifi da asuba sun taso sama suna buɗe baki. Ruwa ba ya tsami banza. Ga shi kuma tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, yawan ruwan da ke wucewa ta gabanmu da rani ya dogara da abin da aka sako daga can. Ko da warin ya gushe, ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa suna iya yin nisa da ransu su iske na ƙasa da mu.

4. Mayonmu a bushe yake fiye da rabin shekara. Mene ne laifin zubar da ƙazanta a yashi kafin damina ta zo ta kwashe?

Wannan tambayar ce ta fi ci mini rai. Saman mayo ne ya bushe, ruwa yana nan kwance a ƙarƙashin yashin, kuma shi talakawa ke sha. Da bazarar bara na bi gaɓar mayon da ke bayan kasuwarmu da sassafe, na tarar da inda aka juye kayan shadda da dare, baƙi ƙirin, ƙuda sun rufe shi, ga sawun amalanke a yashi. Taku kamar hamsin a ƙasa da wurin, wata yarinya ta durƙusa a bakin ramin da ta tona tana kwalfar ruwa da ƙoƙo tana zubawa a jarka. Ruwan garai-garai. Na ce, "'Yata, wannan na wanki ne?" Ta ce, "Na sha ne, Baba."

Yashi mai manyan ƙwayoyi yana tace laka har ruwa ya yi haske, amma a ɗan gajeren nisa irin wannan ba ya tare ƙwayoyin cuta. Malamanmu kuma sun sha karanta mana hadisin da ya yi kashedi a kan abubuwa uku masu jawo tsinuwa: yin bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Yashin mayo mashaya ne.

5. Waɗanne cututtuka ne ke zuwa ta wannan hanyar?

Kwalara da taifod da atuni da gudawar yara da shan inna da wani nau'in shawara mai tsanani ga masu juna biyu, duk ta bayan gida suke fita su koma ta baki. Ba mu manta da annobar kwalara ta 2010 ba, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a Arewa Mai Nisa. Akwai kuma tsargiya: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, daga nan ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai maganinta, kada a ɗauka alamar balaga ce.

Idan amai da gudawa suka kama mutum, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana ba shi ana kan hanyar asibiti.

6. Nisa nawa ya kamata a bari tsakanin shadda da rijiya?

Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ita ce mita 30 a ƙalla, shadda kuma ta kasance ta gangare, kada ta zama a saman rijiya. Gindin ramin ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a tsakiyar damina, wato a watan Agusta da Satumba. Mai haƙa da rani yakan ga rami a bushe ya yi ta zurfafawa, damina ta zo ruwa ya taso ya haɗe shadda da rijiya. Na san gidajen cikin gari ba su da filin mita 30, kuma shaddar maƙwabci ma tana cikin lissafi. Inda abin ya gagara, rijiyar ta zama ta wanki da ban ruwan dabbobi, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin a jira minti 30.

7. Shaddata ta cika. Me ya fi dacewa in yi?

Idan akwai fili, a rufe ta da ƙasa mai kauri, a haƙa wata. Mafi kyau ma a gina ramuka biyu tun farko, ana amfani da ɗaya, ɗaya yana hutawa. A zafi irin namu, ramin da aka rufe ya shekara ɗaya zuwa biyu, abin da ke ciki ya zama ƙasa baƙa marar wari da za a iya kwashewa da shebur. Fos kuwa a kwashe shi idan kauri ya kai kusan rabinsa, kada a jira sai ya tumbatsa.

Kada a bari kowa ya shiga rami shi kaɗai. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a ciki, tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Kada a kunna ashana ko taba a bakin fos, iskarsa tana kama wuta. A daina jefa leda da tsumma da kwalba a shadda, su ne ke toshe tiyon motar kwasar shadda har a koma kwasa da hannu. Kuma kafin ku biya mai kwasa, ku tambaye shi inda zai kai.

8. To ina zai kai, alhali gari bai ware masa wuri ba?

Nan ne gizo ke saƙar. Wani dattijo da ya shekara da shekaru a wannan aiki ya ce mini, "Malam, ku nuna mini wuri in kai. Ni ma jikokina a mayon nan suke wanka." Ban sami abin ce masa ba. Muna zagin masu kwasa, muna kiransu da dare don kada maƙwabta su gani, amma ba mu ba su inda za su zubar ba.

Abu mafi sauƙi da ƙaramin gari zai fara da shi shi ne dogayen ramuka a fili mai tudu, nesa da rijiya da mayo, a zuba kayan a rufe da ƙasa, daga baya a shuka itatuwa a kai. Mataki na gaba shi ne gadajen shanya: kwandunan siminti masu faɗi, an shimfiɗa bututu mai huji a ƙasansu, sai tsakuwa, sai yashi. Ana zuba kayan kaurin santimita 20 zuwa 30, ruwan ya tsiyaye ta ƙasa, rana ta ƙone sauran, cikin mako biyu zuwa uku da rani ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama, a kwashe. Ruwan da ya tsiyaye har yanzu ƙazami ne, dole ya bi ta tafkuna (tambaya ta 9). Akwai kuma irin da ake shuka ciyawar fadama a kan gadon, saiwarta ta hana yashi toshewa, a yi shekaru ana zubawa kafin a kwashe. Masana a jami'ar Yawunde sun daɗe suna gwada wannan da ciyawar da ke fitowa a ƙasarmu.

Wurin ya zama kusa gwargwado, da hanyar da amalanke da mota za su iya bi da damina. Idan ya yi nisa, kuɗin mai zai sa direba ya juye a hanya.

9. Yaya tafkunan tace ruwa suke aiki ba tare da inji ba?

Tafkuna ne uku ko fiye a jere, ruwa yana gangarawa daga wannan zuwa wancan da kansa, bayan ya bi ta ragar ƙarfe da ke tare leda da shara. Na farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5. A cikinsa kauri ke kwantawa, halittun da ba su buƙatar iska su ruɓar da shi, kuma a ƙasa mai zafi cikin kwana ɗaya zuwa uku yana rage fiye da rabin ƙazantar. Na biyu mai faɗi ne, zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi. Samansa gansakuka ce ƙanana masu sa ruwa ya yi kore, suna amfani da hasken rana suna sakin oksijin, halittun da ke cin ƙazanta kuma su shaƙa su ci gaba da aikinsu. Na uku da na huɗu ba su wuce zurfin mita ɗaya ba, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta da hasken rana da tsawon zama. Gaba ɗaya ruwa yakan yi mako uku zuwa wata ɗaya kafin ya fita, kuma kafin nan ƙwan tsutsa ya kwanta a ƙasa.

Zafin da muke kuka da shi a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Garwa, shi ne ƙarfin wannan tsari. Abin da yake ci shi ne fili. Idan gari yana da bututu, ana fara lissafi da murabba'in mita 2 zuwa 3 ga kowane mutum, wato garin mutum 20,000 yana neman hekta 4 zuwa 6. Gadajen shanya da ƙananan tafkunansu ba sa cin ko kusa da haka. Birnin Wagadugu na Burkina Faso yana amfani da irin waɗannan tafkuna a unguwar Kosodo tun 2004.

10. Ba za su cika mu da wari da sauro ba?

Tafkin farko yana iya wari idan aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ake kai shi bayan gari, a kuma duba inda iska ta fi kaɗawa. Tafki na biyu mai lafiya kore ne kuma ba ya wari. Sauro yana ƙyanƙyasa ne a inuwar ciyawar da ke bakin ruwa, don haka sai an riƙa sheme ta ana kwashe kainuwa da kumfar da ke taruwa a kusurwa. A kewaye wurin da waya saboda yara da dabbobi. Kwatar da ke kwance a ƙofar gidanku yanzu ta fi tafkin da ake kula da shi haifar da sauro.

11. Me ya sa ba za mu nemi injin tacewa na zamani irin na Turai ba?

Irin wancan yana hura iska cikin ruwa da wutar lantarki dare da rana. Idan wuta ta ɗauke na tsawon lokaci halittun da ke aikin suna mutuwa, idan wani ƙarfe ya lalace sai an yi odarsa daga waje. Yana da amfani inda fili ya yi tsada kuma akwai ƙwararru da kuɗin biyansu kowane wata. A ganina garin da famfon tuƙa-tuƙa ke lalacewa ya yi wata uku ba a gyara ba, ya fara da abin da lebura biyu da shebur da manjagara za su iya riƙewa.

12. Ruwan wanka da na wanke-wanke fa, ya zan yi da shi a gida?

A haƙa rami zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin gida, a cika shi da fasassun duwatsu ko bulo, a rufe samansa, a ja rariya zuwa ciki. Kafin ramin a sa ɗan ƙaramin kwatami mai raga da zai tare maiƙo da guntun abinci, uwargida ta riƙa kwashewa duk mako, domin maiƙo ne ke toshe ƙasa. A yashi wannan yana aiki sosai. A karal kuwa, wato baƙar lakar da ake shuka masakwa, ƙasa ba ta shan ruwa, sai dai a yi ɗan kwari marar zurfi a shuka ayaba ko gwanda ko jema su shanye. Ruwan da aka wanke kashin yara da shi shadda za a zuba shi.

13. 'Yan lambu suna ban ruwa da ruwan kwata, wasu kuma suna neman kayan shadda don taki. Daidai ne?

Ba za a zarge su ba, ruwan yana da taki kuma da rani shi ke kusa. Amma ɗanyensa haɗari ne ga mai lambun da ke tsoma ƙafa da kuma mai cin latas da tumatir da kabeji ɗanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙwan tsutsa ɗaya ko ƙasa da haka a kowace lita ta ruwan ban ruwa, kuma tafkunan tambaya ta 9 suna iya kaiwa nan. Kafin a samu, a riƙa zuba ruwan a gindin shuka kada ya taɓa ganye, a tsayar da shi 'yan kwanaki kafin girbi, a fi ba da shi ga masara da itatuwa da abin da sai an dafa.

Busasshen kayan shadda taki ne mai kyau, sai dai ƙwan tsutsar ciki yana iya rayuwa watanni da yawa a cikinsa. A ajiye shi ya shekara, ko a haɗa shi da shara mai ruɓewa a tara tsibi ana juyawa, zafin cikinsa ya haura 50 na tsawon mako guda a ƙalla.

14. Mahauta da marina da masu gyaran babur fa?

Jini yana cinye iskar kogi fiye da ruwan gida nesa ba kusa ba, don haka a tare shi a mazubi a dafa a shanya ya zama abincin kaji, tarosan tumbi kuma a tara shi taki. Baƙin mai a adana a jarka, kada ya taɓa kwata, ɗan kaɗan yana rufe fuskar ruwa mai faɗi. Ruwan rini na zamani da na jima yana ɗauke da soda da gishiri da wasu sinadarai da tafki ba ya iya cirewa. A Kosodo an ga yadda ruwan masana'antu ya ƙara wa ruwan gishirin da ya taɓa ƙasar lambunan da ake shayarwa. Kowace sana'a ta fara tace nata a wurinta kafin ya haɗu da na gari.

15. Alhakin wa ne, kuma wa zai biya?

Dokar kare muhalli mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996 da dokar ruwa mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998 sun hana zuba abin da zai gurɓata ruwan da ke saman ƙasa da na ƙarƙashinta. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 kuma ta ɗora tsaftar gari a wuyan ofishin magajin gari. Fili kuwa ba ya samuwa sai da bakin lamiɗo da jauro, wato mai unguwa, da masu gonaki.

Kuɗin gini yakan zo daga gwamnati ko masu ba da tallafi. Kuɗin riƙewa shi ne namu: albashin mai gadi da lebura, gyaran shinge, kwashe lakar tafkin farko duk bayan 'yan shekaru. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A yanka ɗan abu a kan kowace kwasa, a sayar da taki, a rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita a karanta a gaban jama'a. Kuɗin zubarwa kada ya yi tsadar da zai mayar da mai kwasa mayo.

16. Ta yaya za mu san wurin yana aiki, kuma me zai faru idan ambaliya ta zo?

Ido ma yana gani: tafki na biyu kore, ruwan fita ba wari, ragar bakin shiga a share. Idan ruwan ya koma toka-toka ko ja-ja, an ɗora masa nauyi fiye da kima. A ɗakin gwaji kuma ana auna abin da takardun Faransanci ke kira DBO5, wato yawan oksijin da ƙazantar ke cinyewa cikin kwana 5. Ɗanyen ruwan gari yakan kai miligiram ɗari biyu zuwa ɗari huɗu a lita, kogi mai lafiya kuma bai wuce 'yan ƙalilan ba. A auna na shiga da na fita, da rani da damina.

Ambaliya kuwa tun wajen zaɓen fili ake maganinta. A tambayi dattawa inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022, a gina sama da nan, a ɗaga gaɓar tafkuna, a yi wa ruwan sama hanyarsa daban. A gidajen da ke kwari a ɗaga bakin shadda da bulo biyu ko uku, a yi mata murfi, a kwashe ta tun watan Mayu kafin malka. Rijiyar da ruwa ya haura bakinta kada a sha sai an yashe ta an sa mata kulorin.